BABI NA UKU: TARIHIN JARIDUN JAMUSANCI A TSAKANIN JAMUSAWA MAZAUNA ƘASASHEN WAJE

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan dalilan da suka sa Jamusawa suka riƙa barin ƙasarsu suna ƙaura zuwa wasu ƙasashe, waɗanda suka haɗa da tsangwamar addini da ƙarancin ƙasar noma da kuma rikicin siyasa. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bin diddigin jaridun da waɗannan masu ƙaura suka kafa da harshensu a wuraren da suka sauka. Za a fi mayar da hankali a kan ƙasar Amurka, domin a can ne jaridun suka fi yawa, sannan a waiwayi wasu ƙasashen a taƙaice. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: shin Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kashe waɗannan jaridu, kamar yadda aka saba faɗa, ko kuwa yaƙin ya tarar da su ne sun riga sun fara rauni? Amsar wannan tambaya tana da muhimmanci ga duk mai nazarin yadda harshe ke rayuwa ko mutuwa a baƙuwar ƙasa.

3.1 Mafarin Jaridun Jamusanci a Amurka

A shekarar 1683 ne wasu iyalai goma sha uku daga garin Krefeld suka sauka a Pennsylvania, suka kafa garin Germantown tare da Francis Daniel Pastorius. Daga nan ne Jamusawa suka ci gaba da kwararowa wannan yanki, har yawansu ya kai matsayin da za a iya buga musu jarida.

Wanda ya fara gwada wannan aiki ba Bajamushe ba ne. Benjamin Franklin ne ya fito da jaridar Philadelphische Zeitung a watan Mayu na shekarar 1732, tare da wani ma'aikacinsa mai suna Louis Timothée a matsayin edita. Jaridar ba ta yi nisan kwana ba, domin kuwa fitowa biyu kawai aka san ta yi. Daga cikin matsalolin da ta fuskanta akwai cewa maɗaba'ar Franklin ba ta da salon haruffan nan da ake kira Fraktur, wanda da shi ne Jamusawan wancan lokaci suka saba karanta littattafansu na addini. Ke nan jaridar ta zo musu da harshensu, amma cikin rigar da ba su saba gani ba.

Wanda ya yi nasara shi ne Christoph Sauer, mazaunin Germantown, wanda ya samo haruffan Fraktur daga birnin Frankfurt. A watan Agusta na 1739 ya fara buga jaridarsa mai suna Der Hoch-Deutsch Pensylvanische Geschicht-Schreiber. Shi ne kuma ya buga Littafin Baibul da Jamusanci a shekarar 1743, wato tun kafin a buga na Ingilishi a Amurka. Sauer mutum ne mai tsananin riƙo da addini, mai ƙyamar yaƙi, saboda haka ya yi amfani da jaridarsa wajen jan Jamusawa su goyi bayan 'yan ɗarikar Kwaka a siyasar Pennsylvania. Haka kuma ya yi adawa da makarantun taimako da Franklin da abokansa suka buɗe a shekarun 1750, domin ya ɗauke su a matsayin wata dabara ta raba 'ya'yan Jamusawa da harshensu. Wannan ya nuna cewa tun daga farko jaridar Jamusanci ta haɗa aikin ba da labari da na kare harshe.

Bayan Sauer sai Henrich Miller, wanda ya kafa tasa jaridar a Philadelphia a 1762. Wannan jarida, wadda daga baya aka san ta da sunan Pennsylvanischer Staatsbote, ita ce ta fara ba da labarin amincewa da sanarwar 'yancin kan Amurka a ranar 5 ga Yuli, 1776, ta kuma buga fassarar sanarwar baki ɗaya a ranar 9 ga watan. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗan Sauer wanda ya gaji maɗaba'ar mahaifinsa ya ƙi goyon bayan yaƙin neman 'yanci, aka ƙwace dukiyarsa a 1778. Tun a wannan lokaci an ga alamar cewa jaridar baƙo takan shiga haɗari a duk lokacin da ƙasar da yake zaune ta shiga yaƙi.

3.2 Bunƙasar Jaridun a Ƙarni na Sha Tara

Tsakanin 1820 da farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, Jamusawa fiye da miliyan biyar suka shiga Amurka. A shekarar 1854 kaɗai sun haura 200,000, a 1882 kuma sun kai kimanin 250,000. Waɗannan baƙi ba su tsaya a Pennsylvania ba, sai suka bazu zuwa New York da Cincinnati da St. Louis da Chicago da Milwaukee, har zuwa Texas. Duk inda suka taru da yawa, bayan coci da makaranta, abu na gaba da suke kafawa shi ne jarida.

A watan Disamba na 1834 aka kafa New Yorker Staats-Zeitung, wadda ta zama babbar jaridar Jamusanci a ƙasar. Bayan rasuwar mai ita, Jacob Uhl, a 1852, matarsa Anna ce ta ci gaba da tafiyar da ita, daga baya kuma tare da mijinta na biyu Oswald Ottendorfer, har jaridar ta riƙa gogayya da manyan jaridun Ingilishi na birnin. A St. Louis an kafa Anzeiger des Westens a 1835, a Cincinnati an kafa Volksblatt a 1836, a Chicago kuma Illinois Staats-Zeitung a 1848.

Abin da ya ƙara wa jaridun daraja shi ne zuwan mutanen da ake yi wa laƙabi da 'yan arba'in da takwas. Waɗannan su ne malamai da lauyoyi da ɗalibai da suka shiga yunƙurin juyin juya hali na 1848 a ƙasashen Jamus, wanda bai yi nasara ba, suka gudu domin tsira da rayukansu. Da yake masu ilimi ne, kuma ba su iya noma ba, da yawansu sai suka rungumi aikin jarida. Fitacce daga cikinsu shi ne Carl Schurz, wanda ya zama ɗaya daga cikin masu jaridar Westliche Post ta St. Louis a 1867, daga baya ya zama sanata, sannan minista. A wannan jarida ce Joseph Pulitzer, wanda ake ba da shahararriyar lambar yabon aikin jarida da sunansa, ya fara aiki a matsayin mai ɗauko rahoto a 1868. Akwai kuma Mathilde Franziska Anneke, wadda ta fito da jaridar mata mai suna Deutsche Frauen-Zeitung a Milwaukee a 1852.

Galibin 'yan arba'in da takwas suna adawa da bauta. Alal misali, Adolph Douai ya yi ta sukar bauta a jaridarsa San Antonio Zeitung a Texas, har aka tilasta masa barin jihar a 1856. Shi ma Abraham Lincoln ya fahimci tasirin waɗannan jaridu a kan masu jefa ƙuri'a, domin a 1859 ya sayi jaridar Illinois Staats-Anzeiger ta garin Springfield a asirce, ya bar Theodore Canisius yana gudanar da ita bisa sharaɗin za ta goyi bayan jam'iyyar Rifablikan.

Zuwa farkon shekarun 1890, jaridu da mujallun Jamusanci a Amurka sun kai kusan 800. A wancan lokaci sun fi dukkan jaridun sauran harsunan baƙi yawa ko da an haɗa su wuri ɗaya.

3.3 Ire-Iren Jaridun

Kuskure ne a ɗauka cewa waɗannan jaridu bakinsu ɗaya. Idan aka yi la'akari da manufofinsu, za a iya kasa su gida huɗu kamar haka:

(a) Jaridun siyasa da kasuwanci na manyan birane, irin su Staats-Zeitung ta New York, waɗanda ke fitowa kullum, kuma suka dogara da talla.

(b) Jaridun addini, irin su Der Wahrheitsfreund ta 'yan Katolika da aka kafa a Cincinnati a 1837, da Der Lutheraner ta mabiya Luta wadda C. F. W. Walther ya kafa a St. Louis a 1844.

(c) Jaridun ma'aikata da 'yan gurguzu, irin su New Yorker Volkszeitung wadda ta fito daga 1878 zuwa 1932, da Arbeiter-Zeitung ta Chicago.

(d) Jaridun ƙananan garuruwa masu fitowa mako-mako, irin su Reading Adler ta Pennsylvania wadda ta rayu daga 1796 zuwa 1913, da Neu-Braunfelser Zeitung ta Texas da aka kafa a 1852.

Waɗannan rukunoni sun sha yin cacar baki a tsakaninsu. Jaridun addini suna kallon 'yan arba'in da takwas a matsayin marasa addini, su kuma suna kallon malaman coci a matsayin masu hana mutane tunani. Jaridun ma'aikata kuwa su ne suka fi shan wuya a hannun hukuma. Bayan tashin bam a dandalin Haymarket na Chicago a ranar 4 ga Mayu, 1886, an kama editan Arbeiter-Zeitung, August Spies, da wasu abokan aikinsa. An rataye shi tare da mutum uku a ranar 11 ga Nuwamba, 1887, duk da cewa ba a tabbatar da wanda ya jefa bam ɗin ba. A 1893 gwamnan Illinois, John Peter Altgeld, wanda shi ma haifaffen Jamus ne, ya yi afuwa ga ukun da suka rage a kurkuku.

3.4 Ayyukan Jaridun ga Al'umma

Aikin farko da jaridun suka yi shi ne haɗa baƙo da gida. Suna kawo labaran garuruwan da aka baro, da sanarwar aure da rasuwa, da cigiyar 'yan'uwan da suka ɓace bayan sauka daga jirgin ruwa. Suna kuma buga ƙagaggun labarai kashi-kashi da waƙoƙi, wanda hakan ya sa Jamusanci ya ci gaba da zama harshen karatu a cikin gida.

Aiki na biyu shi ne koya wa baƙo zaman sabuwar ƙasa. A cikin jarida ne yake sanin inda ake neman ma'aikata, da farashin gona, da yadda ake samun takardar zama ɗan ƙasa, da yadda ake jefa ƙuri'a. Masanin zamantakewa Robert E. Park, a littafin da ya wallafa a 1922 a kan jaridun baƙi a Amurka, ya nuna cewa irin waɗannan jaridu suna riƙe tsohon harshe, amma a lokaci guda suna shigar da mai karatu cikin rayuwar Amurka. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ayyuka biyu suna cin karo da juna. Duk lokacin da jarida ta yi nasarar mayar da baƙo ɗan gari, to ta rage wa kanta mai karatu ne, domin ɗan da zai haifa ba zai buƙace ta ba.

Aiki na uku shi ne kare muradun al'umma. Misali mafi bayyana shi ne na dokar Bennett da jihar Wisconsin ta kafa a 1889, wadda ta wajabta koyar da muhimman darussa da Ingilishi a makarantu. Jaridun Jamusanci, musamman Germania ta George Brumder a Milwaukee, sun haɗa kan 'yan Katolika da mabiya Luta, waɗanda a da ba sa ga maciji da juna. Sakamakon haka jam'iyyar da ta kawo dokar ta faɗi zaɓen 1890, aka kuma soke dokar a 1891.

3.5 Yaƙin Duniya na Ɗaya da Durƙushewar Jaridun

Da yaƙi ya ɓarke a Turai a 1914, mafi yawan jaridun Jamusanci sun fito fili sun goyi bayan Jamus, suna kira ga Amurka ta zama 'yar ba-ruwana, ta kuma daina sayar wa Ingila makamai. A wancan lokaci cinikinsu ma ya ƙaru, saboda masu karatu suna son jin labarin yaƙin daga bakin da suka amince da shi. To amma da Amurka ta shiga yaƙin a ranar 6 ga Afrilu, 1917, sai reshe ya juye da mujiya. Duk da cewa editoci da yawa sun yi maza sun bayyana biyayyarsu ga Amurka, abin da suka rubuta a baya ya zama hujja a kansu.

A watan Oktoba na 1917 aka kafa dokar da ta wajabta wa duk jaridar da ake bugawa da baƙon harshe ta miƙa wa shugaban gidan waya na garinta fassarar Ingilishi ta duk abin da ta rubuta game da gwamnati ko yaƙi, kafin a rarraba ta, sai fa idan ta samu takardar izini ta musamman. Ga ƙaramar jarida mai ma'aikata biyu ko uku, kuɗin fassara da ɓata lokaci kaɗai sun isa su durƙusar da ita. Bugu da ƙari, 'yan kasuwa sun janye tallarsu, masu sayar da jarida a bakin titi sun ƙi karɓarta, masu karatu kuma suna tsoron a ga ma'aikacin gidan waya ya kawo musu ita. Wannan tsoro ba na banza ba ne, domin a watan Afrilu na 1918 wasu gungun mutane sun rataye wani Bajamushe mai suna Robert Prager a garin Collinsville na jihar Illinois, kotu kuma ta sallami waɗanda aka tuhuma. A watan Mayu na wannan shekara gwamnan Iowa ya hana magana da kowane baƙon harshe a makarantu da coci-coci da kuma ta wayar tarho. Sai a 1923 ne Kotun Ƙoli ta soke dokokin hana koyar da baƙin harsuna, a shari'ar Meyer da jihar Nebraska, amma kafin nan aikin gama ya gama. Tsakanin 1910 da 1920 fiye da rabin jaridun Jamusanci sun daina fitowa. Daga cikinsu har da Volksblatt ta Cincinnati, wadda aka rufe a 1919 bayan shekara tamanin da uku.

Sai dai idan aka duba alƙaluma da kyau, za a ga cewa raguwar ta fara ne tun kafin yaƙin. Bayan 1893 masana'antu sun bunƙasa a Jamus, tattalin arzikin Amurka kuma ya shiga matsala, saboda haka masu zuwa suka ragu zuwa ƙasa da 30,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1890. 'Ya'ya da jikokin waɗanda suka zo da farko kuwa, ko da suna jin Jamusanci a gida, jaridar Ingilishi suke karantawa. Wannan ne ya sa jaridu suka riƙa haɗewa da juna ko rufewa tun shekaru ashirin kafin yaƙin. Bayan yaƙin ma, dokar hana sayar da giya ta 1920 ta raba su da kamfanonin giya, waɗanda su ne manyan masu ba su talla, dokar taƙaita shige da fice ta 1924 kuma ta ƙayyade yawan sababbin baƙi. Westliche Post ta daina fitowa a 1938, ita kuwa Neu-Braunfelser Zeitung ta haɗe da wata jaridar Ingilishi a 1957.

3.6 Jaridun 'Yan Gudun Hijira a Zamanin Hitila

Hawan Hitila mulki a 1933 ya haifar da wani sabon rukuni na jaridu, wato na waɗanda aka kora ko suka gudu daga Jamus, musamman Yahudawa da 'yan adawa. A birnin Faris, Georg Bernhard ya jagoranci Pariser Tageblatt daga 1933. A New York kuma wata ƙungiyar Yahudawan Jamus ta fara fitar da Aufbau a 1934 a matsayin ƙaramar takardar ƙungiya. Bayan Manfred George ya zama editanta a 1939, sai ta zama babbar muryar 'yan gudun hijira, inda mutane irin su Hannah Arendt suka riƙa rubutu a cikinta. A ƙarshen yaƙin ta riƙa buga jerin sunayen waɗanda suka tsira daga sansanonin kisa, domin iyalai su gano 'yan'uwansu. Ita ma da masu karatunta suka tsufa sai ta raunana, aka daina buga ta a New York a 2004, a 2005 kuma ta koma birnin Zurich a matsayin mujallar wata-wata.

3.7 Jaridun Jamusanci a Wasu Ƙasashe

Abin da ya faru a Amurka ya faru a wasu ƙasashen, sai dai lokaci ya bambanta. A Birazil, inda Jamusawa suka fara sauka a São Leopoldo a 1824, an kafa Kolonie-Zeitung a Joinville a 1862, da Blumenauer Zeitung a 1881. Gwamnatin Getúlio Vargas ta fara shirin tilasta harshen Fotugal a makarantu a 1938, sannan a 1941 ta hana buga jaridu da baƙin harsuna. A Kanada, garin Berlin na lardin Ontario, inda ake buga Berliner Journal tun 1859, an canza masa suna zuwa Kitchener a 1916, a 1918 kuma gwamnati ta hana buga jaridu da harsunan abokan gaba. A Ostiraliya, jarida ta farko da aka buga da wani harshe ban da Ingilishi ta Jamusanci ce, a Adelaide a 1848.

Misalin Ajantina ya sha bamban. A can iyalin Alemann, 'yan asalin Suwizalan, sun fara fitar da Argentinisches Tageblatt kullum daga 1889. A zamanin Hitila wannan jarida ta yi tsayin daka wajen adawa da 'yan Nazi, har aka haramta ta a Jamus, yayin da abokiyar hamayyarta Deutsche La Plata Zeitung ta goyi bayansu. Al'umma ɗaya a birni ɗaya ta rabu gida biyu, kowane ɓangare da jaridarsa da makarantarsa. Wannan jarida ta ci gaba da fitowa har watan Janairu na 2023, lokacin da aka daina buga ta a takarda. A nahiyar Afirka kuwa, an kafa jaridar da daga baya aka sa wa suna Allgemeine Zeitung a birnin Windhoek na Namibiya a 1916, sai dai ya kamata a lura cewa masu karatunta sun je can ne a ƙarƙashin mulkin mallaka, don haka matsayinsu ya bambanta da na baƙon da ya je neman mafaka.

3.8 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa rayuwar jaridar baƙi ta dogara ne a kan abubuwa uku, wato ci gaba da zuwan sababbin baƙi, da samuwar makarantun da ke koya wa yara karatu da harshen, da kuma haƙurin hukuma da na 'yan ƙasa. A Amurka abu na farko ya fara rauni tun shekarun 1890, yaƙin 1917 kuma ya rusa na biyu da na uku a cikin shekara biyu kacal. Saboda haka wannan bincike na ganin cewa yaƙin ya gaggauta durƙushewar da ta riga ta fara ne, ya kuma mayar da ita abin da ba ya gyaruwa, domin yaran da aka hana karatun Jamusanci a makaranta su ne ya kamata su zama masu sayen jaridun a shekarun 1930. Misalan Aufbau da Argentinisches Tageblatt sun ƙarfafa wannan ra'ayi, tunda ba hukumar ƙasar da suke zaune ce ta kawo ƙarshen buga su ba, amma duk da haka sun raunana da masu karatunsu suka ƙare. A babi na gaba za a nazarci irin Jamusancin da aka yi amfani da shi a cikin waɗannan jaridu, musamman yadda kalmomin Ingilishi suka riƙa kutsawa cikin tallace-tallace da wasiƙun masu karatu.